Jan tsuntsun da na bar wa yayana

Jiya ina wanke babur a bakin kogi na ji wani siririn kuka cikin ciyawar kacalla, tsit-tsit, kamar ana wasa wuƙa a nesa. Ban ɗaga kai ba. Na san mai shi.

Mulufi muke ce masa. In ba ka taɓa ganinsa ba, bai kai tafin hannun yaro ba. Wuya da baya ja wur, fuska da ciki baƙi ƙirin. Da damina, in ruwa ya shanye fadama, sai ka gan shi a kan zangarniyar shinkafa ya kumbura gashi, yana lilo kamar garwashin da iska ta manta a kan ruwa. Ina yaro nakan kwanta a kwalekwalen kakana ina kallonsu har barci ya ɗauke ni.

Na kama ɗaya da tarkon gashin doki, na yi masa keji da kara. Da kaka ta yi aka tura ni Auyo taya kawuna girbi, na bar wa yayana shi. Bayan wata biyu na dawo, na tarar da wani abu ruwan ƙasa a kejin, mai zane-zane, ba ja ko ɗigo.

Na ce yayana ya sayar da nawa ya saka mini wannan. Ya rantse. Na kira shi ɓarawo a gaban mutanen gida, har baba ya zane shi. Kakana yana gyaran komarsa ta kamun kifi ya ce mini, "Naka ne, ja'iri. Rigar damina ya tuɓe."

Ban yarda ba. Na buɗe kejin na kore shi.

Da ruwa ya dawo na ga wani a kan ciyawa, rabinsa ruwan ƙasa, ja yana ɓullo masa tabo-tabo. Na daɗe a tsaye. Ban faɗa wa kowa ba.

Yanzu kacalla ta cinye inda kwalekwalen yake bi, mu ma mun yi furfura. Bara na je Kafin Hausa duba yayana, ƙafa ta hana shi fita. Na zauna, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Yaya, tsuntsun nan, ba kai ba ne. Ka yafe mini."

Ya dube ni. Ya ce, "Wane tsuntsu?"