Ranar da Inna ta cire mini kibiyoyi

Shekarun baya, ina koyar da lissafi a Yelwa, ina kuma haɗa kundin digirina na biyu a kan gudun ruwa a tafkin Kainji. Da manhajar LaTeX na rubuta shi, inda kowace alama sai ka ba ta umarni kafin ta fito. Duk harafin da ke nuna inda ruwa ya nufa na ɗora masa 'yar kibiya a ka, ina ta jin kaina.

Ranar wata Alhamis da hantsi malamina ya kira ni. "Malam, sashenmu ya daina karɓar kibiya. Harufan nan masu kauri ake so. Gobe kafin Juma'a nake son kundin, in ba haka ba sai baɗi."

Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na buɗe kwamfuta na fara cire kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Har aka kira azahar ina shafi na tara, ga sama da ɗari suna jirana. Ni da ake kira Malam Lissafi na zauna ina tsintar kibiya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Mahaifiyata tana gefe tana gyaran kifi, ta gaji da jin tsakina.

"Kai, mi kaka yi ma tsaki tun ɗazu?"

Na yi mata bayani sama-sama, don dai kar a ce na yi shiru.

"To wa yah hwaɗa ma na'urar ta riƙa sa kibiyar tun hwarko? Ka koma can ka hwaɗa mata ta bari mana."

Na hau can saman kundin na rubuta layi guda, cewa daga yanzu umarnin da ke ɗora kibiya ya riƙa kaurara harafi. Na danna. Shafi bayan shafi, babu kibiya ko ɗaya! Ihun da na yi sai da kaji suka watse.

Washegari malamina ya juya kundin yana mamaki. "Mutum nawa suka taya ka?"

Na ce, "Mutum ɗaya ce, ranka ya daɗe, kuma ba ta taɓa riƙe kwamfuta ba."

Har yau in aiki ya yi mini yawa nakan tsaya in nemi inda aka fara ba da umarnin. Abin yana ba ni dariya, yana kuma sa ni alfahari. Digirin dai sunana ne a jiki, amma Inna ce ta hana ni jiran baɗi.