Batir Ukun Malam Hattara

Shekara ashirin da bakwai Malam Hattara ya yi a wani babban siton kayan gini, yana jami'in kiyaye haɗari. Aikinsa rubuta gargaɗi. Ya liƙa takarda a jikin tsani cewa ana faɗowa, ya liƙa a jikin ƙofa cewa tana datse yatsa, har butar shayin ofis sai da ya rubuta mata cewa ruwan zafi yana ƙuna. Daga nan leburori suka raɗa masa sunan, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, don a zatonsa yabo ne. Abin da ba a faɗa a gabansa shi ne, duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa ganinsa riƙe da filaya. Ko ƙwan fitilar ofishinsa ne ya mutu, sai ya aika a kira mai gyara, ya zauna cikin duhu yana jira.

Da ya yi ritaya, matarsa ce ta ɗanɗana kuɗarta. Ya bi ta kicin yana auna tazarar murhu da labule, ya hana ta ajiye wuƙa baki sama, ya ƙirga matakalar ƙofar gida ya ce ɗaya ta fi sauran tsawo. Saboda haka ranar da ya nuna mata bidiyo a waya, wani mutum ya mayar da tsohon kekensa mai tafiya da lantarki, ya ce shi ma zai yi, ba ta tsaya tambaya ba. Ita ce ma ta kira masa ƙaninta, mai shagon cajin batir a bakin tasha.

Ƙanin ya zo da yamma, hannuwansa baƙi ƙirin, rigarsa duk ruwan batir ya huhhuje ta. Kafin shayin da aka kawo masa ya huce ya ɗaura ɗan inji a tayar bayan keken Malam, ya jera batir uku a kan kariyar ɗaukar kaya, ya haɗa su jere, ƙarfin wutarsu ya tashi volt talatin da shida. Ya duba lambar da ke jikin cajar da Malam ya sayo, ya ce ta dace da su. Abin da ya rage kawai waya biyu, daga batir zuwa soket ɗin da za a riƙa soka caja.

Ya yi masa bayani yana aiki: jar waya ta tafi kan da ke da alamar tarawa, baƙa ta tafi ɗaya kan, a gwada da mita kafin a ɗaure don kada a juya su, a sa fis ɗaya, mai ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, dab da batir a kan jar wayar, a naɗe kowace mahaɗa da salatif. In za a yi caji a fara soka caja a keke kafin a kai ta bango, kuma kada a jingina keken da katifa a fita yawo. Aikin minti goma ne, in ji shi, ya miƙa hannu zai ɗauki wayar.

Malam Hattara ya dafe ta. “Tsaya nan, ƙanena. Ka yi naka. Wannan ɓangaren haɗari ne, haɗari kuwa fannina ne.”

Ƙanin ya kalli yayarsa, ta kau da kai. Ya tattara kayansa, a bakin ƙofa ya waiwayo ya ce a dai tabbata an yi musu caji cikin makon nan, irin waɗannan batir ɗin ba sa son zama. Malam ya ji, amma bai ɗauki maganar mutumin da ke aiki babu safar hannu a bakin komai ba.

Washegari ya buɗe fayil. Ya zana wayoyin biyu a takarda, ya sake zana su da biro mai launi. Sannan tunani ya zo masa: in fis ɗin ya ƙi ƙonewa fa? Ya ƙara na biyu. In na biyun daga kamfani ɗaya suke da na farko fa? Ya nemo na uku a wani shago can ƙarshen gari. Haka ya yi da makunni, har suka kai biyar, kowanne da takardarsa da lambarsa. Ya kwashe buhunan matarsa daga ɗakin ajiya ya mayar da shi ɗakin keke, ya sa kwaɗo. Duk ranar Asabar yakan busa usur, ita kuma dole ta bar abin da ke kan wuta ta fito tsakar gida, yana duba agogo ya ga daƙiƙa nawa ta ɗauka. Sau biyu girki yana ƙonewa a wajen atisayen gudun gobara.

A yi masa adalci, ya koyi aiki. Wayar farko da ya fere, sai da ya ɓata kusan yadi uku. Amma a hankali ya iya, har ya riƙa ɗaure mahaɗa tsaf, ya gwada da mita, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Maƙwabta in sun tambaye shi yaushe za a ga keke a titi, sai ya yi musu laccar rabin awa kan mutanen da gaggawa ta kai asibiti. Suka daina tambaya.

Bayan wata goma sha huɗu ya sa rana. Da hantsi aka fito da keken tsakar gida. Ya ja igiya ya tsayar da maƙwabta a bayanta, ya ajiye bokitin yashi biyu, ya sa tsohuwar hular kwanonsa ta aiki da safar roba har gwiwar hannu. Ya soka caja a keke, ya soka ɗaya bakin a bango, ya kunna makunni huɗu, na biyar kuma ya dungure shi da sandar tsintsiya daga nesa, idonsa a rufe.

Ba abin da ya fashe, ba kuma abin da ya faru. Fitilar caja ta ƙyafta sau biyu ta yi shiru. Aka jira awa guda, 'yan kallo suka fara zamewa, aka aika a kira ƙanin matar.

Ya durƙusa ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Sannan ya ɗora mita a kan batir na farko, da na biyu, da na uku. Ya miƙe yana goge hannu a wando.

“Yaya, gaskiya ban taɓa ganin haɗi mai tsafta irin wannan ba. Ko a asibiti sai haka. Sai dai gawa kake yi wa ƙarin ruwa. Batir ɗin nan sun fi wata takwas da mutuwa.”

Malam Hattara ya cire hular kwano, ya daɗe yana kallon cikinta. Da ya ɗago, sai ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya ji rauni. Aka ce babu. Ko an ga hayaƙi? Babu. To, in ji shi, an cim ma manufa. Matarsa ta ce ai dutsen niƙanta ma bai taɓa kama wuta ba, ta wuce ta fara mayar da buhunanta ɗakin ajiya, bai kuma hana ta ba.

Sabon batir dai bai saya ba, ya ce sai an sake nazari daga farko. Matattun ma ya ƙi saukewa, don kada unguwa ta ce aikin ya faɗi. Haka yake fita kullum, yana taka feda da nauyin batir uku a bayansa, gumi na ɗiga ta haɓa. In ya zo gangaren kasuwa sai ya daina taka feda, ya miƙe wuya, ya riƙe maƙurar da ke ba injin wuta, wai a ga lantarki na aiki. A dawowa kuwa, da yake hawa ne, ta lungun baya yake turo keken.

Labarin tsaftar haɗinsa ya bazu ta bakin ƙanin. Masu son yin irin keken suna zuwa su duba, su ɗauki hoto, su koma su yi nasu da fis ɗaya cikin yini guda. Yanzu sun kai bakwai a unguwar. Sukan iske shi a lungun yana haki, su ɗaga masa hannu su ce sannu da aiki, Malam, su wuce sama ko feda ba sa taɓawa. Shi kuma ya tsaya ya tokare keken da ƙugu, ya bi su da tsawa cewa su rage gudu.