Bin Sawun Janwe Daga Indabo

Indabo, bayan asuba

Ana idar da sallar asuba ranar Asabar muka bar gida, ni da Baffa Idi, ƙanin mahaifina. Raɓa ta jiƙa min gefen zane tun kafin mu kai bakin hanya. Da wata safiyar ce, da na tsaya kallon yadda gabas ke yin ja ta bayan karan dawa. Ranar kuwa hankalina na can bayan wata mota.

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, Baba ya aiki Baffa da akori-kurarmu ya sayo masa dashen tattasai, don shi Baba ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Aka naɗe dashen cikin jiƙaƙƙun buhuna, aka jera a baya. Da aka kira salla, Baffa ya ajiye motar a gefen kwalta kusa da gada, ya bi sahu. A ƙauyenmu ko akuya ba a kora lokacin huɗuba, don haka bai kawo wa ransa wani zai taɓa mota ba. Yana dawowa ya tarar janwen hukuma ta ja ta, aka ce masa an nufi Kano da ita. Dashen da aka cire daga ƙasa ba ya jure rana ta biyu, ga fadamar Baba an gyara, an ba ta ruwa, tana jira.

Da yammacin ranar na kira Anti Bilki, ƙanwar Umma, lauya ce a Kano. Ta ce, "Tarar mota a banki ake biya, a ba ki rasit. Kada ki sa hannu sai kin duba motar. Kayan ciki kuwa naku ne, ba su aka kama ba."

Wudil

Babur ya sauke mu rana na leƙowa, kogi ya kwanta luf kamar bai farka ba. Muka sha koko da ƙosai a bakin tasha, na cika jarka da ruwa. Sai a nan na lura da kwandon da Baffa ke ɓoyewa a ƙarƙashin riga: zabbi biyu.

"Baffa, waɗannan fa?"

"Uwata," haka yake kirana saboda sunan kakata gare ni, "ana zuwa gaban manya hannu biyu?"

"Su ce mun kawo cin hanci, su haɗa da kai su tsare?"

Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya bar su ajiya wurin mai koko.

Hanyar Kano

Kwandasta ya dubi jarkata ya ce, "Hajiya, an ce miki Kano ba ruwa ne?" Na ce baƙi zan shayar. Shinge ɗaya muka tarar, aka leƙa aka ɗaga mana hannu. Duk tsawon hanya rana nake kallo ta taga. Ban taɓa jin haushin hawanta ba sai ranar.

Harabar motocin kamu

Wuri ne mai katangar kwano kafin a shiga gari, motoci jere kamar marasa lafiya a layin asibiti. Na hango tamu can ƙurya, ba ko inuwa. A rumfar bakin ƙofa wani jami'i mai tumbi yana shan shayi.

Baffa ya cire hula ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, salla na je."

"Kowa ma salla ya je, dattijo. Mai sa hannu sai Litinin." Ya sassauta murya. "Sai dai ko a daidaita a nan, ku tafi da abarku yanzu."

Hannun Baffa ya nufi aljihu. Na riƙe gefen rigarsa.

"Yallaɓai, da rasit?"

"Ke kuma fa? Lauya ce?"

"Ɗaliba ce. Motar ta kwana har Litinin, mu biya a banki. Kayan bayanta muka zo ɗauka."

"Duk abin da ya shigo nan yana hannun hukuma."

Ni da ko a aji ba na ɗaga murya, sai ga ni na matsa gabansa. Na ce, "To a rubuta min an riƙe tattasan manomi, da sunan wanda ya riƙe. In ya mutu, mu san wanda za a tambaya."

"Uwata, ki yi a hankali," in ji Baffa.

"A hankali nake, Baffa. Ina da biro ma."

Jami'in ya daɗe yana juya cokali a kofi. Can ya ce wa maigadi, "Buɗe musu, su kwashe ciyawarsu."

Kafin in taɓa komai na ɗauki hoton motar ta kowane gefe, har batir da tayar safaya. Sannan na ɗaga buhun farko: ganyen ya yi laushi, ya kwanta kamar dafaffe. Na sama duk sun tafi. Na tura hannu can tsakiya, sai na ji sanyi. Na tsiyaya musu ruwan a hankali, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi a tsakiyar warin baƙin mai.

Komawa

Adaidaita-sahu ta fitar mana da buhunan zuwa titi. Direban motar Wudil ya so ɗaure su a sama, na ƙi, na biya musu kujera kamar fasinja. A Wudil Baffa ya karɓo zabbinsa, muka samu motar 'yan kasuwa mai ratsa Indabo.

Mun isa ana kiran la'asar, lokacin da rana ta yi sanyin da dashe ke so. Baba ya sa an kai shi bakin fadama a babur, ya zauna kan tabarma, maƙwabta suka naɗe ƙafar wando suka shiga. Kafin magariba an dasa abin da ya rayu, ya rufe fiye da rabin gonar.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Anti Bilki, da maƙwabtan da suka sunkuya mana. Motar tana can, Litinin zan koma. Da Baffa ya ce shi zai je, Baba ya ce masa, "Kai ka riƙe mata jarka."