Ƙullutun da ke Tsakiyar Waya

Yayar matata mai gyaran kayan lantarki ce, kuma duk layinsu Nuna-min ake kiranta. Ta soma da rediyo a gaban mahaifinsu, ta koma talabijin, yanzu ƙananan allunan lantarki take haɗawa, masu ƙwaƙwalwa kamar ƙwayar wake. Ko gaisuwa ka ce mata kana lafiya, sai ta dubi ƙwayar idonka. A ƙarƙashin teburinta akwai gwangwani cike da hob, wato abin nan mai raba ramin USB ɗaya zuwa huɗu. Mafi lalacewa take tarawa. Ta ce na kirki ba ya tona asirin kowa.

Ni sikeli nake tsaro a wani sito, shekara goma sha ɗaya. Bara ƙanin manaja, mai karatun kwamfuta, ya haɗa mana allon da zai karɓi lambar kowane buhu daga sikana, wato na'urar da ke karanta lambar jikin buhu. A ofis ya yi aiki kamar me. Da aka kawo gun sikelina, aka ja doguwar waya, sai ya yi gum. A mai da shi ofis, ya farfaɗo. Sau uku.

Manaja ya kira ni, bai ce in zauna ba.

"Abu yana aiki ko'ina sai wurinka. Me kake gudun ya gani?"

Ya ba ni mako guda, ko allo ya yi aiki ko in ajiye makulli. Masu dako suka fara yin shiru in na iso.

Na je wurin Nuna-min. "Yaya, sata ake zargina da ita."

"Ka yi?"

"Haba Yaya!"

"Haba ba amsa ba ce. Ƙanwata na ba ka, ban ba ka shaida ba. Mu je in gani."

Ƙanin manaja ya tare ta da kwamfutarsa a buɗe. Ya ce umarnin da ke juya allon ba shi ya rubuta duka ba, laburare ne, wato tarin umarni da wasu suka ajiye a intanet, ga shi sun rubuta a shafin farko cewa yana karɓar USB.

"Shafin farko tallar mai kaya ce, ɗana," in ji ta. "Karɓa iri-iri ce. Allonka ne mai ba da umarni ko shi ake ba? Na'ura ɗaya yake iya ji ko ta bayan hob ma?"

"Ai babu hob a nan, Anti."

Ta bi doguwar wayar da yatsa har ta kai wani ƙullutu a tsakiya, ta sa reza ta fasa. Ga ɗan cif a ciki, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki. Ta ce irin wannan waya da hob a cikinta ake yinta don saƙo ya kai nesa. A ofis da gajeruwa suke gwadawa.

Sai ta ce ya buɗe mata cikin laburaren, ba shafin farko ba. Wurin da aka rubuta hob layi ɗaya ne tak: za a yi nan gaba.

Yaron kirki ne. Nan take ya nemo wasu laburaren guda uku, kowanne na rantsuwa yana karɓar hob.

"Nuna min," ta ce, ta juye gwangwaninta.

Kwana huɗu suka yi. Laburare na farko ya ji hob ɗaya ya ƙi sauran. Na biyu yana aiki, amma in ta fizge waya ta mayar sai ya sume. Na uku ta fizge masa waya sau hamsin, ina ƙirgawa, ko tari bai yi ba.

Ranar da wa'adina ya cika, buhu ya hau sikeli, sikana ta yi ƙara, lamba ta fito. Manaja ya duba, ya ce, "To, madalla," ya wuce. Haƙuri dai har yau ina jira. Makullin na aljihuna.

Na ɗaukar mata gwangwani zuwa bakin titi, ina ta godiya.

"Ajiye godiyarka," ta ce. "Wayar na wanke, ba kai ba. Yanzu da allon ya buɗe ido, ma ga halinka."