Ragon da Inna ta ce za ta gyara

Mahaifiyata ta fi shekara talatin tana turka rago a gidanmu na Gwallaga. Dusa da harawa da ɗan jiƙon kanwa, sai hira da take yi masa kamar yana ganewa. Ni kuwa shekara huɗu na yi a jami'a a Yelwa ina rubutu a kan yadda ake gyara ƙwayoyin halittar tumaki don tsokarsu ta ninka. Ban taɓa shafa irin tumakin ba, a hoto kawai na san su. Duk da haka na ɗauki kaina gwani.

Abu ɗaya nake so a wajen Inna: ta ce karatun nan nawa yana da amfani. Kullum aka tambaye ta abin da nake yi, sai ta ce, "Yana can yana karanta tumaki."

Ana saura mako guda Babbar Sallah na hau keke na je, na same ta tana cire wa ragonta kaska. Na miƙa mata waya. Rago ne a hoton, cinyoyi kamar na ɗan dambe.

"Inna, a jikin dabba akwai abin da ke tsayar da girman tsoka. Shi aka kashe. Ba turka, ba wahala, nama zalla."

Ta goge hannu a zane, ta daɗe tana kallo. Har ta sa yatsa tana danna bayan ragon, wajen gindin wutsiya, yadda take yi a kasuwa. Na matso kusa, ina jiran yabo.

"Ina kitsen?"

Na gyara tsayuwa. "Ai nan ne gwanintar, Inna. Kitsen kaɗan ne ƙwarai."

"To da me za a soya shi?"

Ban taɓa tunanin wannan ba. A gidanmu naman Sallah da kitsensa ake soya shi, a zuba a tukunya kitsen ya daskare a kai, a yi ta ci har wata biyu. Rago marar kitse a wajenta ragon da aka wulaƙanta ne, mai shi ma abin a yi masa faɗa ne.

Na fara bayanin lafiyar zuciya, ta katse ni a hankali.

"Ɗan nan, kada ka damu. Ƙashinsa mai kyau ne, wahala ce ya sha a hannunsu. Ka ce su kawo min shi wata uku, zan gyara muku."

Na yi dariya, amma raina ya sosu. Da zolaya take yi da na jure. Ba zolaya ba ce: tana maganar tana duban tsakar gida, tana neman inda za ta kafa masa turke.