Ban Ga Fuskarta Ba

A ƙofar gidanmu na unguwar Wambai akwai ɗakin haya, wani tsoho ɗan kudu ne a ciki, tsohon sojan ruwa. Baba muke ce masa. Mutanen unguwa sukan tsokane shi, wai me sojan ruwa yake nema a Suleja, garin da ko kwalekwale babu. Ni ban taɓa tsokanarsa ba. Yarinya ce ni mai kunya, zama da littafi ya fi mini sauƙi a kan zama da mutane, shi ma kuma aikinsa a jirgin yaƙi littafi ne. Ya ce bai taɓa harba bindiga ba. Rajistar mutanen jirgi yake riƙewa: sunan mutum da muƙaminsa, ranar da ya hau, ranar da ya sauka, wanda ke kwance ba lafiya, wanda ya gudu.

Da Hausarsa mai ɗingishi ya bayyana mini yadda suke yi. Kafin jirgi ya bar tasha kowa zai fito ya yi layi. Zai kira suna, a amsa, amma ba ya sa alama sai ya ɗago kai ya ga fuskar mai sunan. Ana aron murya, in ji shi, aboki yakan amsa wa aboki, kuma jirgi in ya ɗaga ba ya komawa ɗaukar kowa.

Ina aji uku na sakandare aka ba ni monita, don rubutuna na da kyau kuma ba na surutu. Sai na ɗauki tsarin Baba. A ajinmu an saba amsa wa wanda ya makara, ni kuwa ba na sa alama sai na ga mutum. Ba a daɗe ba suka laƙaba mini Sojan Ruwa.

Ƙarshen zango na damina aka kai mu ganin ruwan Gurara a doguwar mota. Bayan la'asar hadari ya haɗo, direba ya matsa a tafi kafin hanya ta ɓaci. Aka cusa mu, wasu a kan cinyar wasu. Malamin da ya kawo mu ya ce in tsaya a bakin ƙofa in kira suna da sauri.

Da na zo kan sunan wata yarinya 'yar yankin Iku, 'yar manoma, shiru-shiru kamar ni, aka amsa daga can baya. Na ɗaga kai, ban gan ta ba. Na ce ta miƙe. Motar ta ɗauki dariya, wani yaro ya ce Sojan Ruwa ta fara, a ba ta jirgi. Direba ya tada inji.

"Ke, sa alama mu tafi," in ji Malam.

"Malam, ban ga fuskarta ba."

Ya ce an amsa, da kunnensa ya ji, ko ina nufin ƙarya yake yi? Ban taɓa musu da babba ba. Amma na sauka daga motar, na rungume rajista, na tsaya a ƙasa. Yayyafi ya fara. Ya ce in ban hau ba za su bar ni a nan.

"To za ku koma babu mutum biyu, Malam. Haka zan rubuta."

Can sai ƙawar yarinyar ta fashe da kuka. Ita ce ta amsa. Ta zaci ta kewaya ne, yanzu za ta dawo, kuma ba ta so a yi mata faɗa.

Malam da manyan yara maza suka gangara. A ƙarƙashin duwatsu suka same ta, ta zame ta gurɗe ƙafa, ta yi ta kira ƙarar ruwa na haɗiye muryarta. Da aka ɗauko ta, ban sa alamar ba sai da aka zaunar da ita ta dube ni na dube ta.

Ranar Litinin Malam ya karɓe monita, wai na yi masa rashin kunya a gaban direba. Ya ce in ba shi haƙuri a gaban aji, ya mayar mini. Na miƙa masa rajistar da hannu biyu, na koma kujerata.

Da yamma na ba Baba labari. Bai yabe ni ba. Tambaya ɗaya ya yi: mutum nawa suka hau da safe, nawa suka sauka a makaranta? Na ce daidai suke. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da goge takalminsa.

Sabon monita da murya yake aiki. Ni kuwa har muka gama makaranta ban taɓa amsa wa kowa ba, kuma in aka kira sunana sai na miƙe tsaye.