Fatar Ragon Inna a Hancin Jirgi

Yaya Sanusi na tayar da injin ke nan, sai murfinsa da ke hancin jirgin ya yi sama, ya tsallake katanga, ya dira a kan geron da Inna ta shanya. Kaji suka watse.

Yayan nawa bakaniken babur ne a nan Daura, kuma ya daɗe yana ƙera ɗan ƙaramin jirgin sama a bayan gidanmu. Mahaifiyarmu ba ta taɓa leƙa shi ba. "Wancan tarkacen" take ce masa.

Ashe da waya ya ɗaure murfin, girgiza ta tsinka ta. Ya ce sai ya samo maɗauran fata masu ƙugiya.

Muna tsaye muna jiran faɗa, sai Inna ta shiga ɗaki ta fito da fatar ragon layyarta, wadda ta adana don a yi mata buzun salla.

"Ungo, kai wa baduku. Ka ce ya ninka ta sosai kafin ya ɗinka."

Yaya ya ce, "Inna, ba ke kika ce ba ki yarda in tashi ba?"

"Har gobe ban yarda ba. Amma na san taurin kanka. In ka tashi, gara abin da ke riƙe da murfin nan daga hannuna ya fito."

Jiya aka ɗaura maɗauran da baduku ya ɗinka. Inji ya yi ta ruri, murfi ko gezau. Ina waiwayawa sai ga Inna a bakin ƙofa, wai gero ta zo dubawa. Geron da aka kwashe tun shekaranjiya.

Ku fa, ta yaya taku uwar take amincewa ba tare da ta furta ba?